Wuƙa Mai Kube da Kwaɗo

Guntun reza ne, bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsana ba. Ban san lokacin da ya ɓalle ya faɗo daga kan katakon da nake yanka fata a kai ba. Ina tsakar gida ina shanya na ji ɗana Hambali ya tsala wata ƙara wadda ba ta yunwa ba, ba kuma ta rigima ba. Ko da na shigo, yana zaune daɓas a kan leda, ya riƙe ƙafarsa da hannu biyu, jini na bin tsakanin yatsunsa.

Na saɓa shi a kafaɗa na ruga kemis ɗin bakin layinmu, ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Mai kemis ya zare guntun, ya wanke wurin, ya naɗe, ya ce ciwon bai yi zurfi ba amma in kai shi asibiti a yi masa allura. Na kai shi. Kafin la'asar har ya manta, yana ɗingishi yana bin kajin maƙwabta.

Takalma nake yi. Sana'ar babana ce, Baba Raji, wanda ya daɗe da rumfa a Sabon Gari kafin idonsa ya yi rauni ya zauna a gida. A rumfar nan na tashi, ina shafa gam tun kafin in iya ɗaura ɗankwali. Da na auri Kyari muka kama ciki da falo a Fagge, sai na kafa katakona a kusurwar falon. Silifas na mata nake yi da sandal na yara, in kai wa Mama Nneka mai shago a Sabon Gari. Da reza muke yanka, kamar yadda kowa ke yi a layin masu takalma: a karya ta biyu, a naɗe gindin da tsumma, a ja a kan fata. Fata kuwa tana cinye kaifin reza nan da nan. Kullum sai na dakushe da yawa, in jefa su cikin wani gwangwanin madara da nake ajiyewa a saman taga. Manyan ba sa ɓace min. Bakin da ke ɓallewa ne ba a gani.

Washegari da hantsi uwar mijina, Hajiya Falmata, ta zo daga Rijiyar Lemo. Sunan marigayi mijinta aka sa wa yaron, don haka ba ta kiransa Hambali, Maigida take ce masa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, idonta na kan katakon da tarkacen fata. Sai ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya, ta juya ƙafar ta duba bandejin, ta shiga yi masa magana kamar ba na ɗakin.

“Maigida, wa ya taɓa min kai? Kai ma da naka laifin. Ƙato da kai, haƙori cike da baki, kana nan maƙale da nono. Ko kunyata ba ka ji? Tashi mu tafi gidanmu in dama maka kunu.”

Na ce, “Hajiya, tsautsayi ne.”

“Na ce ba tsautsayi ba ne?” Ta gyara masa riga. “Ai dama lokacin yaye ya yi. Haɗo masa kayansa.”

Ban yi musu ba, don haka al'ada take. Kaka ce ke yaye, uwa kuma ba ta leƙawa sai yaro ya manta da nono. 'Yan kwanaki ne, a dawo da shi. Na haɗa masa riguna, na sa ɗan kofinsa da man da nake shafa masa, na raka su har bakin titi suka hau adaidaita. Shi murnar shiga mota kawai yake yi, ko waiwayowa bai yi ba.

Nono ya cika min ya yi tauri kamar dutse, har zazzaɓi ya sa ni. Na sha abin da mamata ta haɗa min, na ɗaure ƙirji, ya sauka, ya kafe. Yaye ya yi ke nan ta wajena. Amma shiru, ba a dawo da yaro ba. Wata ya mutu, wani ya tsaya.

Wata safiya Kyari yana sa takalmi zai tafi shagon da yake tsaro a Kantin Kwari, na tare shi a bakin ƙofa.

“Baban Hambali, yaushe za a kawo shi?”

“Yana nan lafiya. Jiya ma na gan shi, har ƙiba ya yi.”

“Ba ƙibarsa na tambaye ka ba.”

Ya tsaya yana kakkaɓe hular da ba ta da ƙura. “Hajiya ta ce ba za ta mayar da shi ɗakin da reza ke yawo a ƙasa ba.”

“To in babu reza fa?”

“In babu reza ai shi ke nan.”

“Ita ta faɗa, ko kai ka faɗa?”

“Hikmat, na makara.”

Ya fita. Ni kuwa na riƙe maganar nan da hannu biyu. In babu reza, shi ke nan.

Na yi tunanin ajiye sana'ar gaba ɗaya. Amma ranar da kasuwa ta yi sanyi a Kwari, silifas ɗina ne ke ɗora tukunya a gidan nan, kuma Kyari ya sani, shi ya sa bai taɓa ce min in bari ba. Abin da nake bukata shi ne abin yanka guda ɗaya tak, wanda ba ya karyewa, ba ya ɓacewa, ba ya shiga bakin yaro. Almakashi ba ya cin kirgi mai kauri. Wuƙar kicin tana jan fata ta karkace. Ina cikin duba hotunan takalma a waya na ci karo da wani mutum yana yanka fata da wata wuƙa mai zagayayyen baki kamar rabin faifai, ƙotar a tsakiya. Ba ja yake yi ba, turawa yake yana mirgina ta, yatsunsa duk suna bayan kaifin. Na yi ta maimaita kallon har data ta ƙare.

Na yago kwalin taliya na baje a kan katako. Na fara ɗora murfin tukunya na zagaye shi da biro, ya yi girma, kamar abin fawa. Na koma murfin gwangwanin madara babba, shi ya yi daidai da tafin hannuna. Na yanke rabin da'irar, na bar mata wuya, na naɗe wuyan da tsumma a matsayin ƙota, na yi ta tura kwalin a kan fata ina jin inda zai tokare min hannu. Na ɓata kwalaye da dama. Wani wuyan ya yi tsawo, gwiwar hannuna na tashi sama. Wani ya yi gajere, yatsuna na leƙa bakin. A waccan ta waya gefunan biyu masu tsini ne kamar ƙaho. Ni na zagaye nawa, na dakushe su a zanen, don in ta faɗi kada ta soki komai. Na huda rami a jikin wuyan, inda kwaɗo zai shiga.

Na kai wa babana. Ya shafa kwalin da yatsu tun da ido ba ya gani sosai, ya daɗe yana bin bakin. Sai ya ce in je wurin Malam Dabo maƙeri, in ce shi ya aiko ni.

Maƙerar tana wani lungu bayan 'yan katako, damina ta mayar da hanyar taɓo. Na tarar da dattijo gajere mai faɗin kafaɗa yana jan zugazugi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana korar hayaƙi. Na gaishe shi na faɗi wanda ya aiko ni.

“'Yar Raji ce! Babanki har yanzu yana zuba barkono a shayi?”

“Baba, citta ce yake sawa.”

“Barkono ne, ni na sha. Kwana na yi ina neman ruwa. Me ya kawo ki?”

Na miƙa masa kwalin. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ɗaga shi saitin rana.

“Wannan wuƙa ce ko mafici?”

Na yi masa bayani, na nuna masa yadda za a tura ta. Ya daina dariya. Ya ɗora kwalin a kan uwar maƙera ya mirgina shi kamar yadda na yi, ya gyaɗa kai. Sai ya taɓa gefunan.

“Nan kin yi kuskure. Wuƙar dukanci ba tsini? Da me za ki shiga lungu in kina yanka hancin takalmi?”

“Da almakashi.”

“Almakashi zai tauna miki fatar. Bari in bar miki ɗaya mai tsini, ɗaya zagayayye.”

“Baba, duka biyun.”

“Ni za ki koya wa ƙira?”

“Ba ƙira nake koya maka ba. Ina da yaro ne.”

Ya dube ni, ya dubi bayana inda babu goyo. Ya ajiye kwalin. Ya ce in dawo bayan Juma'a.

Da na dawo na tarar ya buge ta daga sifirin ɗin mota, ta yi kama da zanena sai dai kauri. A gabana ya mayar da ita wuta har ta yi ja, ya ɗauko ta da awartaki ya tsoma cikin baƙin mai. Mai ya yi tsuwa, hayaƙi ya tashi, sai muka ji ƙas. Ya fito da ita, ga tsaga tun daga baki har wuya. Ya jefar da ita cikin tarkace yana tsaki.

“Ƙarfen nan ya gaji tun yana jikin mota. Faɗin ya yi masa yawa. In kina son ta yi siriri ba ta tsage ba, sai faifan zarton inji, irin wanda 'yan katako suka gama da shi. Ni ƙafata ba ta yawo. Ki nemo.”

Na bi rumfunan 'yan katako ɗaya bayan ɗaya, taɓo har idon sawu. Wasu suka ce sun sayar wa 'yan gwangwan, wasu suka tsaya tambayata ko kafinta zan zama. A ƙarshe wani mai injin tsaga a bakin Sabon Gari ya zaro min wani tsohon faifai daga ƙarƙashin benci, haƙoransa rabi sun zube, ya ce in ɗauka in rage masa shara. Na naɗe shi a buhu na ɗora a ka. Mutane na kallona a mahaɗar Bata, ban damu ba.

Malam Dabo ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa, ya kara kunne ya ji amon. “Wannan ya yi,” in ji shi. Ya ɗora kwalina a kai ya zana da alli, ya kai maƙwabcinsa mai injin yankan ƙarfe ya fitar da siffar. Sauran aikin da hannu ya yi. Ya yi ta gogar bakin da magagari, yana tsayawa yana duba kaurin da babban yatsa. Da ya zo kan gefunan nan biyu sai ya ɗaga kai ya harare ni.

“Har yanzu kina nan kan bakanki?”

“Ina nan, Baba.”

Ya zagaye su yana gunaguni. Wannan karon da ya tsoma ta a mai ba mu ji komai ba sai tsuwa. Ya goge ta, ya riƙe ta nesa da garwashi yana jujjuyawa a hankali har bakin ya ɗauki launin zuma, ya ce hakan ne zai hana ta ɓallewa irin na reza. Na ce ya sake faɗa. Ya sake.

Da aka zo ƙota, bai auna da komai ba. Ya ɗebo yumɓu ya mulmula, ya sa min a tafin hannu ya ce in damƙe kamar ina tura wuƙar. Na damƙe. Ya karɓa a hankali ya ajiye a inuwa, ga shatin yatsuna a jiki. Da shi ya sassaƙa ƙotar daga icen maɗaci, gajeriya, mai kai kamar ƙwai, da ɗan gurbi inda babban yatsana zai zauna. Ya ɗaure ta da ƙusoshin tagulla ya daddale kawunansu.

Ranar da zan karɓa ya wasa ta a gabana, a kan dutse mai kaushi, sannan mai laushi, sannan a kan wani tsohon bel. Bai miƙo min ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora bakin a dantsensa ya tura kaɗan. Gashi ya zubo, wurin ya yi fes. Ya ɗauko kirgi mai kaurin yatsa ya shimfiɗa a kan kututture, ya ɗora ta, ya mirgina sau ɗaya. Kirgin ya rabu biyu ba ko ƙara.

“Mu ba ma miƙa wuƙa sai mun gwada ta a gaban mai ita,” in ji shi. “Kuma ki ji. Wadda ta dakushe ita ke yanka mutum, don sai kin danna, in kin danna ta zame. Wannan ba ta son ƙarfi. Muddin tana da kaifin nan, inda kika sa ta nan za ta bi.”

Abin da babana ke faɗa mana ke nan tun muna yara a rumfa. Duk mai aikin fata ya san haka.

Na riƙe ta. Ta zauna a hannuna kamar da ita aka haife ni.

Abin da na fara yankawa da ita shi ne kubenta. Kirgi biyu na haɗa, na sa na uku a tsakiya ta wajen bakin don kada ta ci ɗinkin, na ɗinke da zare mai kakin zuma. Na yi masa marfi da ke naɗowa ta kan wuya, na huda shi daidai ramin nan, na sayo ɗan kwaɗo irin na akwati. In an kulle, ko babba ba zai zaro ta ba. Makullin na sa a igiya na rataya a wuyana. Na buga ƙusa can kusa da silin, inda ni ma sai na taka kujera.

Sannan na koma kan ɗakin. Na fitar da komai waje, na ɗage ledar, na share. Na samo maganaɗisu daga cikin wata tsohuwar rediyo na ɗaura masa igiya, na ja shi lungu-lungu, ƙarƙashin gado, bakin ƙofa, tsagar siminti. Ga abin da ya kamo: ƙananan baƙaƙen guntaye birjik, wasu ko ganinsu ba a yi sai sun yi ƙyalli. Na zuba su cikin gwangwanin da sauran rezojin, na buge bakinsa da guduma, na kai wa mai gwangwan da hannuna. Na sake jan maganaɗisun har ya dawo ba komai.

Na ce wa Kyari, “Babu reza a ɗakin nan. Ko ta askinka na kai wa maƙwabta ajiya. Ka kai ni wurin Hajiya.”

Ya duba kuben da kwaɗon, ya yi murmushi, ya ce lallai na yi ƙoƙari. Ya ce ko in bari shi ya faɗa mata da baki. Na ce a'a, gara ta gani da idonta.

Ranar Lahadi bayan azahar muka je. Na sa wuƙar a jaka a kulle, da guntun kirgi. Hajiya na zaune a rumfar tsakar gida a kan tabarma, tana tsince shinkafa. Hambali na gefenta da wani murfin kwano yana bugawa. Ya yi tsawo. An yi masa aski, an sa masa wata riga da ban san ta ba. Ya ɗago ya dube ni, ya daina bugun, ya matsa jikin kakarsa.

Na durƙusa na gaishe ta, amma hannuna ya riga ni, na jawo shi na rungume. Ƙamshin turaren wutar Hajiya yake yi. Ya ɗan yi tauri a jikina, daga baya ya saki.

“Oh, yaran zamani,” in ji Hajiya. “Ɗan fari, a gaban uwar miji. Mu a da ko kallonsa ba ma yi. Maigida, ka ga baƙuwa ta zo za ta ƙwace min kai.”

Na sake shi. Kyari ya zauna a bakin tabarmar yana tambayarta ciwon ƙafa. Sai da suka gama na ce, “Hajiya, na zo ne in nuna miki. Na rabu da reza gaba ɗaya.”

“Kin bar sana'ar?”

“A'a. Abin yankan na sake.”

Na fito da kuben na ajiye a gabanta. Na nuna mata kwaɗon, na ja marfin da ƙarfi don ta ga ba ya buɗewa. Na faɗa mata ƙusar da ke kusa da silin, na faɗa mata maganaɗisun. Tana saurare, hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Wallahi na ga fuskarta ta fara sauka. Har ta ɗauki kuben ta jujjuya ta ce, “Ke kika ɗinka wannan? Ɗinkin ya yi kyau.”

Na ciro makullin daga wuyana na buɗe, na zaro ta.

Rana ta faɗa a kan bakin. Hajiya ta ja baya.

“Innalillahi. Mene ne wannan?”

“Ita ce wuƙar, Hajiya. Kin ga ba ta da tsini ko ɗaya, ni na sa aka zagaye. Ba ta karyewa. Kuma ba ta zamewa, don ba a danna ta. Bari ki gani.”

Kyari ya ce, “Hikmat, bar shi.”

Ban bari ba. Ni a sanina ba a nuna wuƙa a mayar ba a gwada ba. Na miƙa wa Kyari yaron na ce ya riƙe shi. Na shimfiɗa kirgin a gabana. Babu katako a wurin, ban kuma tsaya nema ba, don na ga kaurin kirgin. Na ɗora bakin, na mirgina sau ɗaya, a hankali, yadda Malam Dabo ya yi.

Kirgin ya rabu biyu, santsi kamar an goge. Na ɗaga guntayen ina nuna mata gefen.

Ba gefen take kallo ba. Tabarmar take kallo. Wuƙar ta ratsa kirgin, ta ratsa tabarmar, ta ratsa ledar da ke ƙarƙashi. Tsaga ce miƙaƙƙiya, ta kai tsawon tafin hannu, ana hango siminti. Babu wanda ya ji ƙarar komai.

Hajiya ta sa yatsa a cikin tsagar ta buɗa ta.

“Nan yake barcin rana,” ta ce.

“Hajiya, a gida a kan katako nake...”

“Ko dannawa ba ki yi ba. Ina kallonki.”

“Shi ne amfaninta. Wadda ake dannawa ita ce...”

“Reza ta yanke shi, ya warke kafin a cire bandeji. Wannan fa? In ta sauka a ƙafar nan, me za a kai kemis, yaron ko ƙafar?”

“A kulle take kullum.”

“Yanzu a kulle take?”

Na duba hannuna. Hambali na ta miƙo hannu daga cinyar babansa, yana son abin da ke ƙyalli. Na mayar da ita kube da sauri, kwaɗon ya ƙi shiga ramin sai da na sake gwadawa.

Hajiya ta juya wajen ɗanta. “Kyari, kai ka ga wannan abin a ɗakinka ka kwana? Ni na ce a raba yaro da reza, ban ce a kawo masa abin yankan raƙumi ba.”

Kyari ya sunkuyar da kai. Na jira ya ce ya ga ƙusar, ya ga na share ɗakin, ya ga yadda nake aiki da ita. Ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri.”

Na ce, “To na bar ta a nan. Ki ajiye ta, ki jefa ta rijiya in kin so. Na bar sana'ar ma. Yau ɗin nan.”

“Fitar min da ita daga gida. Kuma wadda ta yi yawo cikin taɓo ta sa aka ƙera wannan, ba za ta bari ba. Yau ki ce kin bari, gobe in ji kin sa an ƙera wata.” Ta miƙa hannu ta karɓi yaron daga wurin Kyari. “Ba gaba nake da ke ba, Hikmat. Ƙofa a buɗe take, ki zo duk ranar da kika so. Yaro ya saba da nan, yana ci yana sha. Allah ya ba ki wani, ki yi ta goyo.”

A adaidaita muka kamo hanyar gida har Bata. A nan Kyari ya ce, “Da kin bari na faɗa mata da baki.” Na ce masa da yana da bakin, da ba a kai ga ƙera wuƙa ba. Ya sauka ya ce zai leƙa shago, ranar Lahadi.

Na aika mamata, ta je ta dawo ta ce in yi haƙuri, kaka ba baƙuwa ba ce. Babana ya ce a kira Kyari, aka kira shi, ya ce shi ba zai iya ja da mahaifiyarsa ba. Na daina aiki na wani lokaci, na aika aka faɗa wa Hajiya. Ta ce madalla, Allah ya sa ta ɗore. Ba a kawo yaro ba. Da shinkafa ta ƙare a gidan na taka kujera na sauko da wuƙar.

Tana aiki. Abin da ke cina ke nan. Aikin da nake wuni ina yi da reza, yanzu kafin azahar na gama. Mama Nneka ta juya wani silifas ta shafa gefen ta ce, “Iyawo,” haka take kirana, wato amarya, “inji kika saya?” Ko sau ɗaya wuƙar ba ta taɓa yankana ba. Duk lokacin da na tashi, ko ruwa zan sha, sai na mayar da ita kube na kulle, a ɗakin da babu mai rarrafe, babu mai miƙa hannu.

Ina zuwa Rijiyar Lemo duk Juma'a. Makon jiya na tarar da shi a zaure da 'ya'yan ƙanwar Kyari, suna wasa da murafen kwalba. Yaran suka taso da gudu suna, “Anti Hikmat! Anti Hikmat ta zo!” Shi ma ya biyo su a baya, da gudunsa na mai koyon gudu, ya rungume min gwiwa ya ɗaga kai.

“Anti,” ya ce. “Anti, alawa.”

Hajiya na jin mu daga tsakar gida. Na jira ko za ta gyara masa. Na ji ƙarar tsintsiya ta ci gaba.

Na buɗe jaka na ba shi.